Gwaggo Kande da Ruwan da Muka Hana Ta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifina. A gidanmu ba a taɓa yi mata taron tunawa ba, bana ma ba za a yi ba. Ba don ba mu iya ba ne. Mu mutane ne masu son irin wannan taro: a kafa rumfa a ƙofar gida, a ɗauko lasifikar coci, a buga hoton mamaci a gaban riga, a dafa shinkafa har maƙwabta su ƙoshi. Mahaifina an yi masa sau uku. Ita kuwa ko hotonta babu wanda ya ajiye. Shi ya sa na ce bari in yi nawa taron a jarida, inda babu ɗan'uwan da zai taka mini ƙafa a ƙarƙashin benci idan na fara faɗin abin da ba a son ji.

Ƙauyenmu yana yamma da Ɗambatta, a ƙasar da gona ke manne da gona, ba ka ganin daji sai dai gawo da ɗorawa a tsakiyar shuka. Mu ne waɗanda ake kira Maguzawa. Kakana bai yi salla ba, bai je coci ba, ya mutu a kan abin da ya tarar iyayensa suna yi. 'Ya'yansa ne suka karɓi bishara, mahaifina a gaba, sauran suka bi. Ni an yi mini baftisma ina saurayi, na yi koyarwa a firamare har na yi ritaya, kuma fiye da shekara talatin ni ne sakataren cocinmu. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san ba jahili ne ke magana ba. Abin da na yi, da idona a buɗe na yi shi.

A da, kowane gida irin namu yana da abin da ake kira kan gida, wato iskar da zuriya ta gada, wadda ake yi wa yanka don ta bar mutane lafiya, ta bar gona ta yi albarka. Tamu tana zaune a wata tsohuwar tsamiya da ke bayan gida. Ba a kama sunanta, sai dai a ce Mai Tsamiya. Idan hadari ya fara haɗuwa a gabas, ana kai mata baƙar akuya, a zuba jinin a saiwa, a yayyafa kaɗan a kan irin geron da za a shuka. Idan gero ya nuna, babu mai gasa tumu ya kai baki sai an kai mata zangarniya uku. Wanda ke riƙe da ita kuma yana da nasa dokoki. Daga shuka zuwa girbi ba ya kwana a wani gari. Ba ya tashi daga gidan ya koma wani. Kuma duk tsawon ransa ba ya yarda ya nitse a ruwa har ya rufe masa kai, ko a rafi ko a kududdufi, don an ce a kansa take sauka.

Da kakana ya ga ciwonsa ba na tashi ba ne, sai ya tara 'ya'yansa. Bai yi musu faɗa a kan sabuwar hanya ba. Ya ce su bi abin da suka ga ya fi musu, amma su bar mutum ɗaya a baya, don idan Mai Tsamiya ta zo ta tarar babu mai ba ta, a kan yara za ta huce. Maza huɗu ne da mace ɗaya. Mazan duk an riga an yi musu baftisma. Kande ta yi aure sau biyu ba ta haihu ba, ta dawo gida da 'yan kayan ɗakinta. Ba a yi ƙuri'a ba, ba a ma tambaye ta ba. Kowa ya juya ya dube ta, shi ke nan aka gama magana.

Abin da ba a son tunawa a gidanmu shi ne, cikin su biyar ɗin babu wanda ya kai ta son wannan hanya. Ba ta iya karatu ba, amma abin da ya shiga kunnenta ba ya fita. Waƙoƙin sujada duk suna kanta, har takan gyara wa masu riƙe da takarda. Ita ke share coci ran Asabar, ita ke cika randar baƙi. Ran Lahadi tana zama a bencin ƙarshe, kusa da ƙofa. Idan aka zo jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, sai a ce waɗanda ba a yi wa baftisma ba su ba da wuri, ta tashi ta fita tare da yara. Shekara ashirin da shida tana fita tare da yara, har waɗanda ta fara fita da su suka girma suka zauna a ciki, ta koma fita da 'ya'yansu.

Ga yadda muke yi. Idan damina ta kusa, mahaifina, wanda dattijon ikilisiya ne, yakan je kasuwar Ɗambatta ya sayo baƙar akuya. Ba ya cewa uffan, sai dai ya ɗaure ta a bayan ɗakin Kande ya wuce. Washegari da safe mu sa fararen riguna mu tafi coci addu'ar shuka, ita kuma ta ja akuyar ta nufi tsamiya ita kaɗai. Da hannunta take yankawa, abin da mace ba ta yi a ƙasarmu, amma da ya zama mu ne ke so, sai ya halatta. Kafin mu dawo ƙwaryar iri tana zaure, da ɗigon jini da ya bushe a kan geron. Babu mai tambaya. Mu ɗauka mu shuka. Da kaka zangarniya uku su tafi gindin tsamiya, dami goma su tafi coci ranar godiya, ni ne ma nake karanta sunayen gidajen da suka kawo. Gero ɗaya ne daga gona ɗaya. A ganinmu mun yi wayo, mun tsare gaba mun tsare baya.

A cocinmu nitsar da mutum ake yi a ruwa har kai, kuma ba a yi wa jarirai baftisma. Sai mutum ya mallaki hankalinsa, ya shiga aji na wata uku, dattawa su yi masa tambayoyi, sannan su zauna su duba ko akwai abin da zai hana. Kande ta shiga ajin nan sau huɗu, a hannun fastoci uku. Kowane karo ita ke fin kowa amsa. Kowane karo kuma, idan dattawa suka zauna, mahaifina yakan sunkuyar da kai ya ce, da murya mai ban tausayi, ƙanwarsa ce ciki ɗaya, yana ƙaunarta, amma ba zai ɓoye wa ikilisiya gaskiya ba: har yanzu tana yanka wa iskoki. Fasto ya girgiza kai, ya yaba masa da ya fifita gaskiya a kan jini. Babu ƙarya ko ɗaya a maganar mahaifina, kuma wannan ne ya sa ta fi ƙarya muni. Daga nan a ce sakatare ya cire sunan. Sakataren ni ne. Da rula nake jan layin, don ni malamin makaranta ne, ba na son rubutu ya yi ƙazanta.

Mai karatu zai ce me ya hana ta tona mana asiri a gaban fasto. Abu biyu ne. Na farko, da ta faɗa, da an sauke yayanta daga dattijantaka, an kunyata gidan gaba ɗaya. Na biyu, ita ma tana jin tsoron. Ba ta haifa ba, amma babu yaron gidan da bai kwana a bayanta ba, kuma an dasa mata a zuciya cewa ransu a hannunta yake. Ni kaɗai ta taɓa tsarewa. Bayan karo na huɗu ta same ni a gindin darbejiyar makaranta, yara sun tashi. Ɗanladi take kirana, sunan da aka raɗa mini kafin na coci.

"Ɗanladi, hannunka ne ya ja layin?"

Na ce, "Gwaggo, dattawa ne suka yanke. Ni rubutu kawai nake yi."

"Na sani. Ubanka ma saye kawai yake yi. Ni kaɗai ce mai laifi, tunda ni ke riƙe da wuƙa." Ta gyara ɗankwalinta. "Kai da ka yi boko, faɗa mini. Kullum kuna cewa Almasihu ya fi ƙarfinta. In gaskiya ne, me kuke aike na in yi a bayan gida? In kuma ba gaskiya ba ne, me kuke zuwa yi a coci?"

Na ce mata abin yana da wuyar bayani. Ta dube ni ta ce, "Ni na goya ka. Tun a lokacin nauyi gare ka." Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ni kuma na koma ofis na ci gaba da makin jarrabawa.

Abin da riƙon nan ya cinye mata, ni ma ba duka na sani ba. Na san wani dattijo daga wajen Shanono, wanda matarsa ta rasu, ya nemi aurenta tana da shekara arba'in da wani abu, ita ma tana so, mahaifina ya ce mutumin ba shi da hali. Halinsa lafiya lau, nisan gidansa ne laifinsa. Na san da ƙanwar uwarta ta rasu a wani gari mai nisa a tsakiyar damina, a ƙafa ta je gaisuwa ta dawo a yini ɗaya, ƙafafunta suka kumbura har kwana bakwai. Amma ta taɓa gaya wa matata cewa dokokin ba su ne nauyin ba. Nauyin shi ne duk yaron da ya yi tari a gidan, sai kowa ya juyo ya dube ta, ita kuma ta shiga tuno ko ta yi wani kuskure a gindin tsamiya, ko akuyar tana da farin gashi da ba ta lura ba.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Irin da muke shukawa yanzu a leda yake zuwa, an riga an shafe shi da jan magani, kuma na san da ta gan shi sai ta yi dariya ta ce ashe an sami mai yi mana yayyafin a kamfani. Cocinmu ya sami rufin kwano da sola da ganga ta zamani. Matasanmu suna yawo da wa'azi a waya, masu wa'azin suna ta ihu a kan karya ƙullin gado da tsinke igiyar kakanni, yaran suna amsawa da amin mai ƙarfi. Ita da ta san nauyin igiyar nan a wuyanta ba ta taɓa ɗaga murya a kai ba. Ina jin da za ta saurara kaɗan, ta tambaya ko mai ihun ya taɓa jan akuya shi kaɗai da safe, sannan ta koma tsintar wake.

Da mahaifina ya rasu ta yi tsammanin an gama. Amma yayana Yakubu ya gaji kujerar dattijo, ya gaji gandu, ya gaji tsoron ma. Damina ta farko bayan an binne tsoho, sai ga baƙar akuya a bayan ɗakinta, ɗaurin ma irin na mahaifinmu. Ta yanka. Da aka gama girbi, lokacin da dokar ta ba ta damar kwana a waje, ta ce za ta je ganin dangin uwarta a wani ƙauye can bayan Shanono. Babu wanda ya damu. Wata shida ta yi.

Abin da ya faru a can, daga bakin matata na ji, don ita ce Gwaggo ta ba wa labarin. Ta je wurin faston ƙauyen ta faɗa masa komai, tun daga wasiyyar kakana, ta roƙe shi kada ya kai ƙarar kowa. Ya tambaye ta ko za ta sake yanka. Ta ce a'a. Ya sa ta aji karo na biyar. Ranar baftisma aka tafi wata madatsar ruwa da rana tsaka. Ta ce da ruwan ya kai mata ƙirji, fasto ya ɗora hannu a kanta, sai ta tabbata a cikin ruwan nan za ta mutu. Ta ce a ranta, to, in mutuwar ce, gara ta same ni a nan. Aka nitsar da ita, aka ɗago ta. Ta buɗe ido ta ga babu abin da ya faru. Mata suna waƙa a bakin ruwa, wani Bafulatani yana shayar da shanunsa a can gefe, ko kallonsu ba ya yi. Ta ce sai dariya ta kama ta, ta yi ta yi har ta koma kuka, mutane suna zaton murna ce kawai.

Ta dawo ana saura kwanaki a yi shuka. Yakubu ya riga ya ɗaure akuya. Da hantsi, mata suna surfe a tsakar gida, ta kwance akuyar ta ja ta har ƙofar ɗakinsa, ta miƙa masa igiyar.

"Ga akuyarka, Yakubu. An yi mini baftisma. Sunana Saratu."

Ta juya ta koma ɗakinta. A gidan nan akwai maza fiye da goma, kowa yana da wuƙa, amma babu wanda ya iya ɗaukar akuyar ya kai bayan gida, don kowannenmu yana tsoron ya ɓata tasa baftismar. Haka muka shuka iri babu jini. Geron shekarar kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, zangarniya kamar damtsen mutum. Har na fara cewa a raina ashe Gwaggo ta yi gaskiya. Sai a tsakiyar damina zazzaɓi ya kama Murna, 'yar autar Yakubu, mai shekara uku. Kwana biyu ta yi ta rasu.

Zan faɗi abin da ban faɗa ba a lokacin. A shekarun da Kande take yanka ma mun binne yara. Kusan kowace damina sauro yakan ɗauki wani a unguwarmu, a gidanmu ma ya ɗauka, muka ce nufin Allah ne, muka yi waƙa. Wannan karon babu wanda ya ambaci nufin Allah. Kafin a dawo daga maƙabarta an riga an san wadda ta kashe yarinyar.

Yakubu ya toshe ƙofar ɗakinta ta cikin gida da bulo, ya fasa mata wata ta waje, mai kallon hanya. Ya karɓe gayaunarta, 'yar gonar da take noma gyaɗa. Aka hana yara gaishe ta, aka hana ɗibar wuta a murhunta. Matar Yakubu ta ɗauki takalman Murna ta ajiye mata a bakin ƙofa, ta ce ta riƙa gani. Wadda ke kawo mata koko da safe wata tsohuwa ce Musulma daga gidan da ke tsallaken hanya, Inna Habi, wadda ba ta haɗa komai da mu ba. A coci kuwa fastonmu ya karɓi katin baftismarta, don ba shi da hujjar ƙi. Ranar jibin Ubangiji ta zauna a ciki karo na farko a rayuwarta. A lokacin ƙoƙo ɗaya ne ke zagayawa. Ta sha, ta miƙa, mata uku na kusa da ita suka wuce da shi ba su kai baki ba. A zaman dattawa na gaba aka yanke shawarar sayen ƙananan kofuna, kowa da nasa, saboda tsafta. Ni na rubuta shawarar, kuma kalmar tsafta tawa ce.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne ba ta karye ba. Ta yi kukan Murna fiye da kowa, don ita ta yaye ta, amma ba ta taɓa cewa laifinta ne ba. Takalman ma ta wanke su ta ajiye a cikin kwalla. A daminar da ta biyo ta hau bas ta tafi Ungogo wurin wata 'yar ɗan'uwanta, ta kwana bakwai, gero yana tsaye a gona. Da ya nuna, ita ta fara karyo zangarniya a gonar Inna Habi, ta gasa tumu a sabuwar ƙofarta, ta ci a gaban duk mai wucewa. In zafi ya yi takan tafi rafi tare da 'yan mata ta nitse har kai, tsohuwa mai shekara kusan saba'in. Ta yi ƙiba. Matata ta tambaye ta a ɓoye yadda take ji da wannan wariya, ta ce, "Barci nake yi yanzu. Ke kin san rabona da barci?" Mu da muke cikin gida muna da abinci da 'ya'ya da kujerun gaba a coci, amma ko ƙadangare ya motsa a kan tsamiyar nan sai gabanmu ya faɗi.

Shekara biyu ta yi a haka, sannan ciwon ƙirji ya kwantar da ita bayan girbi. Na je duba ta sau ɗaya, da la'asar, ta ƙofar waje, bayan na leƙa na ga babu kowa a hanya. Na durƙusa na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Ban gama ba tukuna. Ina dai ƙoƙari, fasto ya ce wajibi ne. Na ubanka na gama, shi tsoro ne ya yi masa yawa. Naka ne ke ba ni wuya, don kai ka san gaskiya." Ta yi tari, ta huta. "Abu ɗaya za ka yi mini. In na tafi, a kai ni filin coci inda ake kai kowa, a kira ni Saratu. Kai ne mai biro, za su ji maganarka."

Na ce na ɗauki alkawari. Ta ce in bar rantsuwa, in dai yi.

Ta rasu da safiyar wata Talata, fasto yana Kano wurin taro. Yakubu ya tara mu a zaure ya ce ta gudu da rai, to ta koma da gawa. In tana kwance a gindin tsamiya, Mai Tsamiya ta sami nata, sai ta ƙyale sauran yara. Babu wanda ya ce haka ne, babu wanda ya ce ba haka ba ne. Lambar fasto tana cikin wayata, wayar tana aljihuna. Maza huɗu suka yi haƙa a tsakanin saiwoyi, inda ƙasar ta sha jinin awaki shekara da shekaru. Ni na riƙe kusurwa ɗaya ta tabarmar da aka ɗauke ta. Ba a yi waƙa ba, ba a kira ta da kowane suna ba. Sai da aka gama mayar da ƙasa na koma gefe na kira fasto na ce masa an yi rasuwa.

Ya iso da yamma, ya ga abin da aka yi, ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Ya tsaya a kan kabarin ya yi addu'a, ya ce wadda muke zaton mun ɗaure a nan ba ta nan, ta riga mu isa inda muke ta waƙar zuwa. Aka dakatar da Yakubu wata shida, ya dawo kujerarsa. Ni ba a taɓa ni ba, don na ce ban sami sabis da wuri ba. Babu wanda ya tone ta. Yau gonakin bayan gida duk an yanka su fuloti ana sayarwa, amma filin tsamiyar nan ko a kyauta babu mai so.

Idan na auna abin da ya rage nata, ba shi da yawa a ido. Ba ɗa, ba gona, ba dutse a kan kabari. Katin baftismarta yana wurin matata, sunan ya fara gogewa. Amma na zauna a cocin nan fiye da shekara arba'in, na ji wa'azin 'yanci ya fi a ƙirga, kuma mutum ɗaya tak na taɓa gani da idona da abin ya tabbata a kansa. Irin ruwan da aka nitsar da ita a ciki, a irinsa aka nitsar da ni. Ita ta shiga da tsoronta ta baro shi a ciki, ni na fito da nawa ko jiƙewa bai yi ba. Ina ƙaunarta, ina jin kunyarta, kuma a wani lungu na zuciyata har yau ina jin haushinta, don ta nuna abin mai yiwuwa ne, ta bar ni ba ni da uzuri.

Da a nan labarin ya tsaya, da ban rubuta shi ba. A daminar bara waccan abubuwa suka taru wa Yakubu: shanun nomansa biyu suka mutu, ɗansa ya faɗi a babur ya karye, matarsa ta sami shanyewar ɓarin jiki. Ya kira ni zaure, mu biyu, tsofaffi masu furfura, ya ce gawa ta daina riƙewa, ana son mai rai. A cikin manyan yaran gidan, wadda ba a yi wa baftisma ba saura ɗaya, Alheri, 'yata ta ƙarshe.

Ya ce, "Ba a ce ta yanka komai ba, zamani ya wuce wannan. Ba sai ta ma sani ba. A dai bar ta a bushe, don in an zo a tarar da ƙofa ɗaya a buɗe. Ko kana so a kan jikokinka a huce?"

Ina da jikoki shida. Bara na ce wa Alheri ta bar maganar baftisma sai ta gama jarrabawar sakandare, kada karatu biyu ya yi mata yawa. Bana ba ta da jarrabawa. Shekararta goma sha tara, tana koyon ɗinki, tana cikin mawaƙan coci, ta gama ajin wata uku, har ta ɗinka wa kanta farar rigar da za ta sa in ta fito daga ruwa. Na san abin da Gwaggo za ta ce da tana nan, kuma na san ba da ni za ta yi maganar ba, hannun yarinyar za ta kama su nufi tasha. Ni ban kai ta ba. Wataƙila ma wannan rubutun wani sabon ragwanci ne, ina fatan wani ya gane mu ya karanta wa yarinyar abin da bakina ya kasa faɗa.

Ran Asabar da ta wuce na miƙa wa fasto sunayen waɗanda za a yi wa baftisma, goma sha ɗaya, na ce masa iyayen ta goma sha biyun suna ganin ba ta shirya ba. Da na dawo gida na tarar Alheri tana goge farar rigar a kan tabarma. Na ce mata ta ninke ta ajiye, sai wani karon. Ta ajiye dutsen gugar a hankali, ta ce, "To, Baba." Har na kai ƙofar ɗaki ta sake kirana.

"Baba, ko wani laifi na yi ne?"

Na ce mata ta je ta yi tunani.